Ranar da Tsoho Ya Warware Wayoyin Motarsa

Sunansa na yanka Alkasim, amma da wuya ka samu mutum uku a duk karkarar Yekuwa da suka san haka. Sunan kakansa aka mayar masa, uwarsa kuwa ba ta kama sunan surukinta, sai ta ce Tsoho. Yana cikin zanen goyo ana ce masa Tsoho, yana bin awaki ba wando ana ce masa Tsoho, har sunan ya gaji da jira ya cim masa tun bai cika arba'in ba. Waɗanda suka san shi a tashar Magarya wajen ƙarshen shekarun saba'in sun san wani dogon mutum ramamme mai tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tanti. Ba ya faɗa da fasinja, ba ya kuma dariya da kowa. In ya ɗaure maka kaya, ko motar ta kife kayanka ba sa kwancewa. Mutanen tasha sun ɗauka direba ne tun fil azal. Ba su san shi ba ne. Makiyayi ne da fari ya ƙwace wa sanda ya miƙa masa sitiyari.

Kakanninsa Fulani ne, amma fillancin ya tsaya a bakin kakarsa. Abin da ya gangaro wa jikoki shi ne gonar gero a kan jigawa, da garken shanu, da iya igiya. A gidansu igiya ba abin wasa ba ce. Kullum da asuba ana ɗaure maruƙa a dangwali, wato doguwar igiyar da ake kafawa tsakanin turaku biyu, da maɗaurai jere a jikinta, kowane maraƙi da nasa. Babba a farko, sai mai bi masa, sai mai bi masa, har zuwa wanda aka haifa jiya. Ba a tsallake ɗaya, ba a harɗe igiyar wannan da ta wancan, don maraƙin da igiyarsa ta hau ta ɗan'uwansa shaƙewa yake yi. Ubansu ba mai yawan magana ba ne. In ya fito ya ga harɗe, da bakin igiyar zai yi maka bayani a gadon baya. Haka Tsoho ya tashi, haka ƙanensa Rabe ya tashi, ko zaren ɗinki suka gani a cukurkuɗe sai hannunsu ya yi ƙaiƙayi.

Sai damina ta fara yaudara. Ta zo ta yi rabi ta tafi, ta sake zuwa ba ta kai rabin ba. A shekarar saba'in da uku gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ciyawa kuwa ko ta share haƙori babu. Tsoho ya ga shanun maƙwabta suna lasar ƙasa suna cin tsumma, ya san abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Ya kira Rabe gindin rumbu, rumbun da ba komai cikinsa sai ɓera mai baƙin ciki, ya ce su sayar da garken tun shanun suna iya taka ƙafarsu zuwa kasuwa.

Rabe ya ce, "Yaya, duka?"

"Ban da iri," in ji Tsoho. "Mu ware na Baba, waɗanda shi ma ya gada. In suka rayu, garke ya rayu. Sauran nama ne."

Suka ware tara, takwas mata da bijimi guda. Sauran suka kora kasuwa suka sayar a kuɗin awaki. Rabe ya ja taran nan gabas, can bayan Dungas, zuwa wata rijiya kusa da Dogo-Dogo inda dangin matarsa suke, don akwai ruwa a can, akwai kuma gawo da ake sare wa dabbobi ganyensa. Shi kuwa Tsoho ya tattara abin da aka samu ya sayi bashe a hannun wani ɗan kasuwar gyaɗa da gyaɗar ta mutu ta bar shi da mota. Dabarar ita ce, ya riƙa ɗaukar mutane da kaya, abin da ya samu ya ƙetara iyaka ya sayo dusa da angurya, ya kai wa Rabe. Motar ita za ta zama makiyayar shanun har Allah Ya kawo ruwa. Mutanen ƙauye suka ce ya sayar da masu haihuwa ya sayi mai shan esansi, wato fetur. Amma gaskiya ita ce duk ranin nan dabarar ta ci. Shanun masu dariyar suka zube ɗaya bayan ɗaya, na Tsoho suna tsaye, ramammu dai, amma a tsaye.

Wanda ya koya masa tuƙi wani makanike ne a bayan tashar Magarya, sunansa Ajimi, Babarbare gajere mai bakin da ba ya hutawa. Kowa ya san tsakanin Barebari da Fulani sai wasa, kuma Ajimi bai damu da cewa fillancin Tsoho ya mutu tun zamanin kaka ba. Da ya hango shi zai ɗaga murya, "Ga bawana nan! Yau ka tatsi motar, ko ba ta kawo nono ba?" Tsoho ya ce, "Rufe mini baki, bawan Fulani, zo ka duba dukiyar ubangijinka." Haka suke gaisawa, haka suke ciniki, haka suke sallama. A tsakaninsu ba a taɓa faɗin magana ɗaya da fuskar gaskiya ba, kuma dukansu biyu suna jin daɗin haka.

Sau biyu Tsoho ya tsaya a kan Ajimi yana canza wa motar buji, waɗannan 'yan ƙarafan masu farin wuya kamar tangaran da ke ba inji wuta. Huɗu ne, jere a kan injin, kowanne da baƙar wayarsa mai kauri, wayoyin kuma duk sun taso ne daga wani ɗan baƙin ƙoƙo da makanikai ke kira delko. Tsoho ya kalli aikin da idon makiyayi, ya haddace shi tsaf. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Wayoyin nan huɗu ba su tafi a miƙe ba, wannan ta hau bayan waccan, waccan ta zagaye ta ƙetare 'yar'uwarta. Wata rana ya kai hannu, Ajimi ya buge hannun da kile, wato ƙarfen kwance bujin, ya ce, "Kai bawana, taɓa komai ban da igiyoyin nan. Ba na maruƙan ubanka ba ne." Tsoho ya ce, "Ai na ga alama. Da ubana ya ga wannan ɗauri, da Barno ka kwana da gudu." Masu zaman gareji suka kwashe da dariya, aka wuce wurin. Gargaɗi ne Ajimi ya yi, amma ya yi shi da muryar da yake ce masa bawa, ai kuwa Tsoho ya ajiye shi inda yake ajiye sauran.

Bazarar saba'in da huɗu ta zo da zafin da ko tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba. Wani mai jaki da ya fito daga gabas ya kawo saƙon Rabe: gawo ya ƙare, an sare shi har ya zama kamar turaku, shanu biyu sai an ɗaga su da safe, kuma ya gaya wa Yaya ya zo kafin ruwa. Wanda bai yi kiwo ba zai yi mamakin wannan magana ta ƙarshe. Makiyayi ya sani, ba rani ke ƙarasa ramammiyar saniya ba, ruwan farko ne. In ya sauka da iska da sanyi a kan dabbar da ba ta da komai tsakanin fata da ƙashi, kwanciya take yi a cikin caɓi, kuma ba ta sake tashi. In dai ta samu 'yan kwanaki tana cin dusa kafin nan, tana iya jurewa. Abin da ke tsakanin shanun Tsoho da mutuwa ke nan, 'yan kwanakin dusa.

Ya ƙetara iyaka ya cika motar da buhuna har tanti ya ɗaga. A hanyar dawowa motar ta fara tari. Tana tafiya tana tuntuɓe, tana baƙin hayaƙi, in ta zo yashi sai ta riƙa ɗingishi kamar mai ƙafa uku. Da ƙyar da siɗin goshi ya kai ta ƙofar gidansa. Hanyar Dogo-Dogo ta Magarya take bi, ta bakin garejin Ajimi ma, amma tsakanin ƙauyensu da Magarya akwai tuddan yashi da motar ba za ta hau su da wannan kaya da wannan tari ba. Ya san ciwon, buji ne. Yana kuma da sababbi huɗu da ya saya ya ajiye a cikin tsumma, da kile nasa na kansa.

Da safe ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwar ƙofar gida, ya ɗaga murfin inji. Matarsa Nafi ta fito da ɗan kunu a ƙoƙo, kunun da ana ganin gindin ƙoƙon ta cikinsa. Ta tsaya tana kallon ƙarafan da ya jera.

Ta ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Da ka rage kayan ka lallaɓa ta wurin Ajimi."

"In rage buhu nawa? Kowane buhu saniya ce." Ya kurɓi kunun ya miƙa mata. "Kuma in kai masa ita a kan buji, ya samu abin faɗa har baɗi? Aikin da na gani da idona sau biyu."

Ta karɓi ƙoƙon. Ta koma ciki.

A yi wa mutum adalci, aikin bujin ya yi shi yadda ya kamata. Ya cire waya ɗaya, ya zura kile, ya kwance, ya fito da tsohon baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ya ɗaura sabon da yatsu tukuna, a hankali, sannan ya ƙarasa da kile ba tare da ya matse shi fiye da kima ba. Ya mayar da wayar. Haka ya bi su huɗun, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da a nan ya rufe murfin ya murza makulli, da kafin la'asar yana gaban Rabe, da kuma babu wannan labari.

Amma ya tsaya yana goge hannu, idonsa ya sauka a kan wayoyin. Wata da watanni suna ci masa rai, yau kuma ba Ajimi a kusa da zai buge masa hannu. Ya dube su, ya ga wannan ta danne waccan, ta ukun ta shaƙe wuyan ta biyun. Sai abin ya zo masa sarai kamar an haska fitila. To, ba dole mota ta yi tari ba? Wace dabba ce za ta yi numfashi da igiya a harɗe a wuyanta? Ya yi tsaki don takaicin ragwancin Barebari, ya kama wayoyin ya tumɓuke su duka huɗu, daga kan buji da kuma daga kan delko. Ya goge kowacce da tsumma har ta yi sheƙi. Sannan ya mayar da su yadda aka koya masa tun yana yaro: bujin gaba shi ne babba, ya ba shi ramin farko, mai bi masa rami na biyu, haka har na ƙarshe. Ba tsallake, ba harɗe. Wayoyi huɗu suka kwanta a jere, kowacce a hanyarta.

Wallahi abin ya yi kyau. Har Nafi ya kira ta zo ta gani.

Ya shiga ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Sai motar ta saki wata ƙara kamar bindiga, hayaƙi ya fito ta inda bai saba fitowa ba, jakin maƙwabta ya tsinke igiya. Ya sake murzawa, ya sake, yana taka totur yana kiran sunan Allah, har muryar injin ta fara ja kamar ta mai jin barci, daga nan ta koma ɗan ƙyas-ƙyas, daga nan shiru. Batir ya mutu.

Ko kusa zuciyarsa ba ta kai kan wayoyin ba. Ta yaya gyara zai zama ɓarna? Sababbin bujin ya zarga, ya ce jabu aka sayar masa. Ya kwance su, ya kwashi tsofaffin ya kai murhun Nafi ya binne a garwashi don maiƙon ya ƙone, yadda ya ga direbobi na yi, ya kankare su ya mayar. Tunda ba batir, sai turi. Ya bi gida-gida ya tara maza. Mazan da rabonsu da ƙoshi tun kaka ta waccan shekara suka sauke buhuna, suka sa kafaɗa, suka tura motar a cikin yashi har gangaren rijiya. Ta yi tari, ta yi bindiga, ta tsaya. Suka turo ta baya. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya ce, "Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, Tsoho. Ita ma ta san shekarar ba ta tafiya ba ce." Aka ɗan yi dariyar yunwa, kowa ya kama hanyar gidansa yana haki.

Sai washegari, yana tsaye a kan injin ya rasa abin da zai kwance kuma, maganar Ajimi ta dawo masa, wannan karon ba tare da dariyar 'yan gareji ba. Taɓa komai ban da igiyoyin nan. Ya yi ƙoƙarin tuna yadda suke a da, wacce ta hau wacce, amma wata da watanni yana kallonsu a matsayin ɓarna, kuma ba wanda ke haddace ɓarna. Ya harɗa su yadda ya ga dama. Kowace harɗawa sai an gwada, kowane gwaji sai an tura, masu turin kuwa jiya sun ba da abin da ke jikinsu. Mutum biyar suka fito don kunya, suka tura sau biyu, ɗayansu ya durƙushe yana ganin jiri. Tsoho da kansa ya ce su bari.

Ran nan ne gabas ta yi baƙi. Liman ya sa aka yi shela, maza da yara suka fita bayan gari roƙon ruwa, Tsoho a cikin sahu. Mutane suna kuka da hawaye suna cewa amin, mutanen da suka binne 'ya'ya a ranin nan, suka ci ganyen da ko akuya ba ta ci. Shi ma bakinsa yana cewa amin. Amma a cikin ransa roƙo yake a jinkirta, kwana uku kawai, ko biyu, kuma ya san duk sahun nan shi kaɗai ne ke roƙon haka. Bai taɓa jin ƙyamar kansa irin ta wannan rana ba.

Ba a jinkirta ba. Bayan la'asar iska ta taso ta kwashe dannin gidaje, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai sanyi har cikin ƙashi. Mata suna guɗa, yara suna tsalle tsirara a cikin kwata. Tsoho da Nafi suka yi ta jan buhunan dusa zuwa cikin ɗaki. Da suka gama ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon gabas, inda hadarin ya fito, inda kuma ya fi duhu.

Nafi ta ce, "Wataƙila can bai sauka ba."

Ya ce, "Daga can ya zo."

Da gari ya waye ba namiji ko ɗaya a ƙauyen. Duk wanda ya ɓoye ɗan iri a tulu ya fito da shi, kowa yana gona da sungumi. Ba wanda za a ce wa ya zo turi, ba kuma jakin da za a ara. Tsoho ya ɗauki gorar ruwa ya kama hanyar Magarya a ƙasa. Duk inda ya ratsa shuka ake yi, maza suna sara mata suna binnewa, ana ɗaga masa hannu ana cewa barka da ruwa. Yana amsawa.

Ya isa garejin ƙafafunsa sun kumbura. Ajimi ya hango shi ya buɗe baki, "Ga bawana a ƙasa! Ina saniyar ƙarfen, ta gudu da bijimi?" Tsoho bai rama ba. Ya tsaya kawai ya ce, "Ajimi, ka taimake ni." Tunda suke bai taɓa kiran sunansa haka ba. Ajimi ya dube shi, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya shiga ya ciro batir daga wata mota ya ɗaure a bayan babur ɗinsa, ya ce ya hau.

A gindin aduwa Ajimi ya ɗaga murfin, ya leƙa. Ya ɗago ya kalli Tsoho, leɓensa ya motsa, maganar da duk Babarbaren duniya zai biya kuɗi ya samu damar faɗa wa Bafillace tana kan harshensa. Ya haɗiye ta. Ya mayar da sababbin bujin, ya cire wayoyi uku ya sauya musu rami, ya harɗe su kamar yadda suke a da. Aikin bai kai daɗewar shan ruwa a ƙoƙo ba.

Ya ce a hankali, "Inji bai san babba da ƙarami ba, Malam Tsoho. Na farko ke kamawa, sai na uku, sai na huɗu, sannan na biyu. Haka aka ƙera shi. In ka jera su, wutar tana zuwa lokacin da ba kowa a gida."

Ya ɗaura batir, ya ce a murza. Bugu ɗaya motar ta tashi, da wata murya mai santsi da Tsoho bai taɓa ji daga gare ta ba.

Ajimi yana goge hannu bai dubi kowa ba ya ce, "Bujin ka ɗaura su daidai. Laifina ne. Abin da zai kashe mutum ba a faɗa masa shi cikin wasa."

Suka loda buhunan su uku har da Nafi. Ruwa ya danne yashi, hanya ta yi tauri, motar ta haye tuddan nan kamar ba ta ɗauke da komai. Ta wuce Magarya, ta wuce Dungas, ba tari ba tuntuɓe. Tsoho ya ji yana tsanar lafiyarta. Gefen hanya ƙasa ta fara yin ɗan kore-kore, irin tsiron da bai isa a kama da baki ba, sai dai ya sa dabba ta cika cikinta da yashi.

Tun kafin ya ga rijiyar ya ga ungulaye. Wasu a sama, wasu a kan kututturan gawo, sun ƙoshi har ba sa tashi don ƙarar mota. Ya tsaya ya kashe inji. A bayan wata bukka an baje kiraga a ƙasa, an kafe gefensu da tsinke don su bushe. Bai so ya ƙirga ba, amma idon makiyayi ba ya neman izini. Takwas. Ya san kowace fata da sunan mai ita, ya san uwarta.

Rabe ya taso daga inda yake zaune. Ya rame har Tsoho ya ga fuskar ubansu a ranar da aka yi masa wankan gawa. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, da gida da iyali da gajiya, ba wanda ya tsallake ko ɗaya. Sannan Rabe ya ce, "Biyar na samu na yanka. Uku ruwan ya riga ni, da bijimin a ciki. Saura guda, ga ta can."

Karsana ce, mai cikin fari, tana kwance a gindin wani kututture, ta miƙe wuya a ƙasa. Suka kira maza biyu daga bukkokin, aka zura sanduna biyu a ƙarƙashinta, ɗaya a ƙirji ɗaya a mara, aka ɗaga. Ta tsaya, ƙafafunta suna rawa. Tsoho ya farke buhu da wuƙa, ya dama dusa da ruwa a ƙwarya, ya kai mata baki yana kiranta yadda ake kiran uwarta. Ta sunsuna. Ta zaro harshe ta lasa sau ɗaya, dusar ta zubo ta gefen bakinta. Ya cusa mata da hannu, ba ta tauna ba. Masu riƙe da sanduna suka gaji, suka sassauta kaɗan don su gani, sai ta naɗe kamar tabarma. Aka sake ɗagawa, aka sake. A karo na ƙarshe idonta ya fara juyawa.

Rabe ya zaro wuƙarsa ya miƙa wa wansa ta wajen ƙota, don shi ne babba. Tsoho ya juya ta gabas, ya yi bisimilla.

Matan bukkokin sun fito sun tsaya nesa kaɗan, da yara a jikinsu. Ba naman suke kallo ba, don ba wani nama a jikinta. Buhunan suke kallo. Tsoho ya ce musu su ɗiba, ba dabbar da za ta ci. Suka zo da ƙore da bakin zane, ba hayaniya, suka yi ta ɗiba.

'Yan'uwan biyu suka zauna a inuwar motar. Can Rabe ya ce, ba da faɗa ba, "Yaya, me ya tsare ka? Kullum ina jin kamar ƙarar mota."

Tsoho ya yi shirin wannan tambaya tun daga Yekuwa. Yana iya cewa mota ta lalace, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ya tashi ya ɗaga murfin inji, ya ce Rabe ya zo. Ya nuna masa bujin, ya nuna masa wayoyin, ya gaya masa abin da ya yi da hannunsa, da abin da Ajimi ya faɗa tun farko, bai rage komai ba. Ya gama ya sunkuyar da kai yana jira. So yake a zage shi. Da Rabe ya ɗaga sanda ya sauke masa a ka, da ya ji sauƙi.

Rabe bai taɓa leƙa cikin inji ba a rayuwarsa. Ya dafa motar ya daɗe yana kallon wayoyin nan huɗu, yadda wannan ta hau waccan, waccan ta shaƙe wuyan 'yar'uwarta. Har hannunsa ya ɗan ɗago, ya mayar da shi.

Ya ce, "Yanzu haka ɗin nan shi ne daidai?"

"Shi ne daidai."

Rabe ya girgiza kai. "Ai a harɗe suke, Yaya. Ko ni ne, da na warware su."

Tsoho bai yi kuka a kan fatu takwas ba, bai yi ba da ya sa wa karsanar wuƙa. Sai a nan ya yi. Ya durƙusa a gaban motar ya kifa goshi a kan ƙarfen mai zafi, yana kuka da murya kamar yaro, matan da ke ɗibar dusa suka kau da kai. Rabe ya tsaya a kansa har ya yi shiru, sannan ya sauke murfin injin a hankali, ya tafi ya fara cire tsinkayen da ke kafe da fatun.